Yadda Ake Zaɓen Laftof Don Aikin Yau da Kullum da Haɗa Kiɗa a Sakkwato

Tambayar da ta fi yawan zuwa daga matasan da ke son kafa ɗan sitidiyo a ɗaki ita ce: "Wace kwamfuta zan saya wadda zan yi aikin makaranta da ita, in kuma haɗa kiɗa?" Wani ɗalibi ne a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wani ƙasidu yake son ɗauka da mandiri, wani kuma tallan rediyo da waƙar biki ya sa a gaba. Duk amsar da za a ba su ɗaya ce. Kwamfutar da ta iya kiɗa ba za ta gaza a rubutu da intanet da kallo ba, amma wadda ta iya rubutu tana iya durƙushewa da zarar an ɗora mata muryoyi goma. Saboda haka da ma'aunin kiɗa za ka auna ta. Kada ka taka ƙafa kasuwa sai ka gama mataki na shida cikin matakan da ke ƙasa.

1. Fara da manhaja

Manhajar da za ka yi aiki da ita ce ke zaɓa maka na'ura. FL Studio, Cubase, Ableton Live, Studio One da Reaper duk suna aiki a Windows da Mac. Logic Pro da GarageBand kuwa ba sa hawa Windows, sai Mac. Tambayi wanda zai koya maka da abokan da za ku riƙa musayar aiki: me suke amfani da shi? In dukansu FL Studio suke a Windows, ka bi su, domin ranar da abu ya ƙi, su ne za su warware maka.

Gargaɗi: FL Studio na gwaji yana bari ka adana aiki, amma ba ya sake buɗe shi sai ka biya. Mafi arahar nau'insa, wato Fruity, ba ya ɗaukar murya ta makirfo. Mai son ɗaukar mawaƙi sai Producer ko sama da shi. In aljihu ya yi rauni, Reaper yana ba da kwana 60 na gwaji, lasisinsa na mai ƙaramin ƙarfi dala 60 ne.

Chromebook kuwa ka bar shi a inda ka gan shi, komai kyansa da arahar sa. Waɗannan manhajoji ba sa hawa kansa.

2. Raba kuɗin kafin ka fita

Farashin kwamfuta da dala yake tafiya, wanda aka faɗa maka watan jiya ba shi ne na yau ba. Abin da ba ya sauyawa shi ne kason. A duk naira 100 da ke hannunka, ka ware kamar 65 ga kwamfuta, 20 ga sawun-kad (ɗan akwatin da ke haɗa makirfo da kwamfuta) da makirfo, sauran 15 ga hedifon, wayoyi, ma'ajiya ta waje da ko-ta-kwana, domin tsohuwar na'ura ba ta rasa neman sabon batir ko ƙarin RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba kuɗin duka a kwamfuta mai sheƙi, a dawo gida a rasa abin da za a jona makirfo a ciki. Matsakaiciyar kwamfuta da sawun-kad ta fi babbar kwamfuta ita kaɗai fitar da murya mai tsabta.

In kuɗin bai kai na sabuwa mai ƙarfi ba, tokumbo irin ta ofis ta fi sabuwa mai araha nesa ba kusa ba. Ana nufin irin su Lenovo ThinkPad T480 da T14, HP EliteBook 840 G5 da G6, Dell Latitude 5490 da 5400. An ƙera su don wahala, ana kwance su cikin sauƙi, kayan gyaransu kuma ba sa wuyar samu. Abin da babu a Sakkwato ana aiko shi daga Kano ko Computer Village ta Ikeja.

3. Firosesa: karanta lambar, ba sitika ba

Nan ne ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Mai shago zai nuna maka sitika ya ce, "Ai wannan Core i7 ce," kai kuma ka ji daɗi. Firosesa ita ce injin da ke sarrafa duk aikin kwamfuta, amma sunan i5 ko i7 shi kaɗai ba ya gaya maka komai. Cikakkiyar lambar za ka nema, kamar i5-8250U.

Lambar farko bayan ɗan layin ita ce zubi, abin da 'yan kasuwa ke kira janareshan. A 8250U zubi na 8 ke nan. A 1135G7 kuwa lambobi biyun farko za ka ɗauka, zubi na 11. Ga dalilin da ya sa wannan ya dame ka: i7-7500U ƙwaƙwalwa biyu gare ta, wato sassan da ke raba aiki a cikin firosesa (cores), i5-8250U kuwa huɗu. Wato i5 ta zubi na 8 ta fi i7 ta zubi na 7 a aikin kiɗa, alhali sau da yawa i7 ɗin ake tsawwala wa kuɗi. Daga zubi na 8 ne Intel ta ninka ƙwaƙwalen irin waɗannan firosesoci. Haka kuma daga zubi na 8 ne Windows 11 ke karɓar na'ura a hukumance, ga shi Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025. Don haka iyakarka ta ƙasa ita ce zubi na 8. Duk abin da ya gaza haka, ko da ragi aka yi maka mai yawa, araha ce da ba ta ado.

Harafin ƙarshe shi ma yana magana. U na nufin mai tsimin wuta: batir ya daɗe, zafi kaɗan, ƙarfi matsakaici. H na nufin mai ƙarfi, mai shan wuta, mai zafi. Wanda aikinsa kiɗan fiyano ne da muryoyi 10 zuwa 20 da 'yan filogin (ƙananan manhajojin sauti da ake ɗorawa a cikin manhajar kiɗa), U mai ƙwaƙwalwa huɗu ta ishe shi. Wanda zai tara manyan filogin irin Kontakt da Omnisphere da Serum a waƙa ɗaya, ya nemi ƙwaƙwalwa shida ko takwas.

A ɓangaren AMD, Ryzen 5 5500U da 5600U ƙwaƙwalwa shida gare su, Ryzen 7 5800H takwas, kuma duk suna aiki sosai. Sai dai a kula da Ryzen 5 7520U: lambarta babba, amma ƙwaƙwalwa huɗu ce a kan tsohon tsari. Celeron, Pentium da duk mai farawa da N, kamar N4020, ba na wannan aiki ba ne.

Ga mai son Mac, ya fara daga M1 ta 2020. Tsofaffin MacBook masu firosesar Intel suna da zafi, Apple kuma ta sanar cewa macOS Tahoe ne na ƙarshe da zai hau kansu.

Wani abu da ke cinye kuɗin mutane a banza shi ne katin hoto na masu wasan gem. Kiɗa ba ya buƙatarsa. In ba bidiyo za ka riƙa tacewa ba, kwamfutar gem nauyi kawai za ta ƙara maka, da ƙarar fanka, da batirin da ba ya kai ka ko'ina.

4. RAM da ma'ajiya

RAM 8GB za ta fara da kai, 16GB ce wurin hutawa. Abin tambaya kafin biya: ana iya ƙarawa, ko a manne take da allon na'ura? T480 da EliteBook 840 G5 ramuka biyu gare su, sai ka saya da 8GB yau ka ƙara wata 8GB in ka samu hali. ThinkPad X1 Carbon a manne take. MacBook mai M1 ma haka, RAM da ma'ajiya duk ba a ƙara su. Yadda ka saye ta haka za ku rabu.

Ma'ajiya dole ta zama SSD, wato irin mai sauri wadda babu abin da ke juyawa a cikinta. Tsohon hadis mai juyawa shi ke sa kwamfuta ta yi minti biyu tana tashi, sauti kuma ya riƙa yankewa. In ka ga an rubuta eMMC 64GB, wuce. Mafi ƙaranci 256GB, amma 512GB ya fi kwanciyar hankali. Ba muryar ce ke cin wuri ba: minti ɗaya na makirfo ɗaya a 24-bit da 48kHz bai kai 9MB ba. Taskokin sauti ne ke cinyewa, Omnisphere 2 shi kaɗai kusan 64GB ne.

Sikirin ya zama 1920×1080. Tokumbo da yawa suna zuwa da 1366×768, a kan irinsa kuwa in ka buɗe mikisa sai jerin kiɗan ya ɓuya.

5. Zafin Sakkwato da ƙurar hunturu

Wanda ya rubuta maka shawara daga Turai bai san bazarar Sakkwato ba. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, alhali Apple da kanta digiri 10 zuwa 35 ta ƙayyade wa MacBook. Sauran kamfanoni ma ba su yi nisa da haka ba. Firosesa in ta kusa digiri 100 sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone, a kunnenka kuma abin da za ka ji shi ne ƙaras-ƙaras a tsakiyar waƙa. Ga shi mai ɗaukar murya dole ya rufe ƙofa da taga, ya kashe fankar ɗaki.

Shi ya sa siririyar kwamfuta mai firosesar H ba ta dace da nan ba. Ƙarfin yana nan a takarda, amma babu inda zafin zai fita. Ɗaga na'urar ka duba ƙasanta da gefenta: tana da wadatattun ƙofofin iska? Mai ɗan kauri ta fi jure mana.

MacBook Air M1 ba ta da fanka sam. Wannan riba biyu ce: makirfo ba zai ɗauki ƙara ba, ƙurar hunturu kuma ba ta samun mai zuƙo ta ciki. Hasararta ita ce in aiki ya yi nauyi a ɗaki mai zafi, rage gudu kaɗai ta iya. Ga mai ɗaukar murya da matsakaicin kiɗa, cinikin ya yi. In za ka iya, nemi mai 16GB.

Gargaɗi: kada a ɗora kwamfuta a kan katifa, darduma ko filo ana aiki. A sa ta a tebur, a ɗaga bayanta ko da da murafun gora biyu ne. Bayan kowane hunturu a kai wa mai gyara ya buɗe ya busa fanka. In tokumbo ce, tun farko a sauya mata man da ake shafawa tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya ta, domin na asali ya riga ya bushe.

6. Ƙirga ramukan USB

Sawun-kad rami ɗaya, fiyano ɗaya, linzami ko filas ɗaya. Uku ke nan. Fiyanon Yamaha PSR da aka saba da shi a sitidiyoyinmu ta ramin USB TO HOST ake haɗa shi, da waya irin ta firinta. MacBook Air M1 ramuka biyu kacal gare ta, duka USB-C, ɗaya kuma caja zai tare. Sai ka sa kuɗin marabar USB, wato na'urar da ke raba rami ɗaya ya zama da yawa, a lissafi. Amma sawun-kad kai tsaye ake jona shi a jikin kwamfuta, ba ta maraba ba.

Sawun-kad ɗin kansa: Focusrite Scarlett Solo ya ishi murya ɗaya. Wanda zai ɗauki mawaƙi da mai kalangu a lokaci guda, ko jagora da 'yan amshi, ya nemi mai ramin makirfo biyu kamar Scarlett 2i2 ko Behringer UMC202HD. Ka tabbata yana da maɓallin 48V, in ba haka ba makirfon sitidiyo irin kondensa ba zai yi motsi ba.

In na'urar tana karɓar caji ta USB-C, alheri ne babba a garin da wuta ba ta da tabbas, domin fawa-bank mai 65W zai iya ciyar da ita. Ba kowane ramin USB-C ke caji ba, sai an gwada.

7. Gwaji a shago

Kada ka yi cinikin biri a sama. Hoto a WhatsApp ba gwaji ba ne. Je da filas ɗauke da CrystalDiskInfo, HWMonitor, LatencyMon da FL Studio na gwaji, ka je da hedifon, da sawun-kad in kana da shi ko na aro. Ka ce wa mai shago, "Alhaji, a ba ni rabin awa in gwada, in ta yi yanzu zan biya." Wanda ya hana ka gwaji ya riga ya ba ka amsa.

1. Danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga Performance. Nan za ka ga ainihin lambar firosesa, yawan RAM da irin ma'ajiya. Abin da ke nan shi ne gaskiya, sitika ana manna ta.
2. Kashe ta, ka kunna, ka shiga BIOS, wato shafin saitin na'ura kafin Windows ya tashi: F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad. In ta nemi kalmar sirri kuma mai shago bai sani ba, ajiye ta. Na'urorin kamfanoni kan zo a kulle, cire makullin kuma ba ƙaramin aiki ba ne.
3. Buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport. Zai nuna maka inda ya ajiye rahoto. Kwatanta Design Capacity da Full Charge Capacity. In na biyun bai kai kashi 70 cikin 100 na na farkon ba, a cire kuɗin sabon batir daga farashi. Kalli wurin shafa yatsa kuma: in ya tasa sama ko gindin na'urar ya kumbura, batir ya kumbura, wannan haɗari ne.
4. CrystalDiskInfo ya nuna Good. In ya nuna Caution, ma'ajiyar ta kama hanyar lalacewa.
5. Kunna LatencyMon da Wi-Fi a buɗe, ka bar shi minti 10 zuwa 15. Wannan shi ne gwajin da kusan kowa ke tsallakewa, alhali shi ne na masu kiɗa. Akwai kwamfuta mai ƙarfi da direbobinta, wato ƙananan manhajojin da ke tafiyar da sassanta, ke riƙe firosesa na ɗan ƙiftawar ido, sautin ya tsinke. In rubutun ya tsaya kore, lafiya. In ya koma ja, kashe Wi-Fi ka sake. In har yanzu ja ne, nemi wata.
6. Buɗe ɗaya daga cikin waƙoƙin misali da ke zuwa da FL Studio, ka bar ta tana juyawa minti goma, HWMonitor na gefe yana nuna maka zafin firosesa. In zafi ya tsaya sama da digiri 90 ko sauti ya fara fashewa a cikin shago, a ɗakinka na watan Afrilu abin zai fi haka. Kasa kunne ga fanka kuma: huci ba laifi, amma kuka ko gurnani alamar lalacewa ce.
7. Gwada kowane rami da filas, ka ɗan motsa shi. Buɗe Notepad ka danna kowane maɓalli. Duba jerin haruffan ma, domin kayan Faransa AZERTY suke zuwa, na Jamus QWERTZ. Wanda ke buga kiɗa da madannin kwamfuta zai sha ruɗewa.
8. Sa sikirin fari tas, sannan baƙi ƙirin, ka nemi ɗigo ko layi. Buɗe murfin ka rufe sau da yawa, ka ji ko maƙallansa sun saki.

In Mac ce, ƙari biyu. Mai shago ya goge ta gaba ɗaya a gabanka, ku jona intanet ku tashe ta daga farko. In ta nemi Apple ID na wani, ko ta nuna wani kamfani ne ke kula da ita, ba taka ba ce ko ka biya. Sannan duba adadin cajin batir. Caji 1000 Apple ta ƙiyasta wa batirin irin waɗannan.

8. Biya da rasit

Rasit ya ɗauki sunan shago, cikakken samfuri, lambar siriyal, yawan RAM da SSD, da kwanakin garanti. Garantin baki ba garanti ba ne, ko kwana bakwai ne a rubuta. Lambar siriyal ta rasit ta yi daidai da ta BIOS. Wannan takarda ita ce mai cetonka in wata rana aka ce kayan sata ne.

Caja ta zama ta asali, mai ƙarfin da na'urar ke nema, galibi 65W ga irin na ofis. Jabun caja ba ta da nauyi a hannu, tana zafi, tana kashe batir, tana kuma zuba ƙara a cikin sauti. In za a ƙara RAM ko a sauya SSD, a yi a gabanka, ka sake duba Task Manager kafin ka tashi.

9. Saiti a gida

Fara da sabon Windows mai tsabta. Tarin manhajojin da aka loda maka a matsayin gyara, musamman filogin da aka fasa, su ne babbar ƙofar bairos da rufewar manhaja ana tsakiyar aiki.

Sauke direban sawun-kad daga shafin kamfaninsa, ka zaɓi ASIO ɗinsa, wato direban sauti mai rage jinkiri, a cikin manhajar kiɗa. ASIO4ALL na wanda na'urarsa ba ta da direban kanta ne, kamar Behringer UMC22. Mac ba ta buƙatar wannan.

Sai bafa, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa shi, wadda ita ke sa mawaƙi ya ji muryarsa ta makara a hedifon. A 48kHz, bafa 128 jinkirin kusan milisakan 3 ce, 256 kusan 5, 512 kusan 11, 1024 kusan 21, kuma wannan tafiya ɗaya ce, zuwa da dawowa ya ninka. Lokacin ɗaukar murya sa 128 ko 256, ka kashe manyan filogin. Lokacin mikisin ɗaga ta zuwa 512 ko 1024 firosesa ta sarara. Da yawa daga masu cewa kwamfutarsu ta gaza, bafa ce kawai suka bari a 128 suna mikisin.

A saitin wuta na Windows zaɓi Best performance. In na'urar tana da tsarin tsayar da caji a kashi 80, kamar Lenovo Vantage ko BIOS na Dell, kunna shi; batir cike taf a cikin zafi shi ne ke saurin kumbura.

In ka ji zuuu a hedifon ko sifika, zare caja. In ƙarar ta ɗauke, daga wuta take: ko soket ba shi da wayar ƙasa, ko cajar jabu ce, ko janareta ne, ko inbata mai araha. Mai sayen inbata don sitidiyo ya nemi wadda aka rubuta wa pure sine wave. Kafin nan, dabarar ita ce a cika batir, a ɗauki murya a kansa ba caja, a mayar da caja lokacin mikisin, tunda yawancin kwamfutocin Windows suna rage ƙarfi in suna kan batir. Kwamfuta da sawun-kad da sifika su sha wuta daga soket ɗaya mai kariya, a kuma zare su duk lokacin da ake sauyawa daga NEPA zuwa janareta.

Kunna adanawa ta kai-tsaye a manhajarka, kowane minti biyar ko goma. Duk waƙar da aka gama ɗauka, a kwafe jakarta zuwa ma'ajiya ta waje a daren, a kuma ajiye ma'ajiyar a wani wuri dabam, ba cikin jakar kwamfutar ba.